Tambaya: hath, shewed, call'd, kuskure ne ko tsohon Ingilishi?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shekara ta biyu a sashen Ingilishi na jami'ar Damagaram. Kawuna, mai son tarihin gari kamar me, ya ji cewa wani Bature, James Richardson, ya sauka nan a 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya kuma rubuta abin da ya gani. Ya ce in nemo in fassara mashi. Kullum bayan la'asar muna zaure, ni da waya a hannu, shi a kan tabarma yana gyara mini sunayen garuruwa. Daga nan son sani ya ja ni zuwa wasiƙun da suka girmi Richardson nesa, na shekarun 1600 da 1700. A nan na kafe. Ga hath da doth, ga shewed, staid, call'd. Wani wurin ma sai in ga kamar f inda s ya kamata. Ina kwafe su cikin littafina, har na fara gyarawa da jan biro, sai zuciyata ta ƙi. Masu wasiƙun ne ba su iya rubutu ba, ko ni ne ban sani ba?

Mushe (malamin makaranta) mai ritaya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye jan biron nan. Hath shi ne has, doth shi ne does, saith kuma says. A da, mutanen kudancin Ingila da eth suke ƙare aikatau in ana maganar shi ko ita. Wannan s da muke koya wa yara yau daga arewacin ƙasar ta gangaro, ta ci Landan sannu a hankali. Zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, duka biyun suna aiki, shi ya sa za ka tarar da hath da has a wurinsa. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 kuwa ta riƙe eth gam, don haka kunnen Bature yake jin ta da nauyi irin na wa'azi.

Shewed kada ta ruɗe ka, showed ce, an daɗe ana rubuta ta haka har cikin ƙarni na 19. Staid kuma stayed. Amma call'd ita ta fi burge ni. Da can ana furta ed ɗin a matsayin gaɓa mai zaman kanta. Da baki ya haɗiye wasalin, sai marubuci ya sa wannan ɗan ƙugiya a sama don ka san an haɗiye. A waƙa wannan ba wasa ba ne: ka mai da e ɗin, ka karya ma'aunin baitin.

Maman Biyu:
Mushe ya gama magana. Ƙanena, mu da muka yi lakwal da Faransanci bai kamata mu yi mamaki ba. Tsoffin littattafan Faransa il étoit da il avoit suke rubutawa, sai a 1835 ƙamus ɗin Akademi, hukumar kula da harshen Faransanci, ya amince da était da avait. Wancan f ɗin kuma doguwar s ce. Kusanto da hoton ka duba, sandarta ba ta ratsa harafin ba. Wajejen 1800 masu buga littafi suka bar ta.

Baƙo daga Tasawa:
Mu ma ai da chikin aka fara rubuta cikin a boko. Garinmu ma har yau Tessaoua ne a taswira.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri, Mushe, Allah ya ƙara girma. Yaya, na kusanto da hoton, wallahi sandar a hagu kawai take. Daren jiya na sake kwafe shafi huɗun da na ɓata, harafi da harafi, ma'anar yau kuma na sa ta a gefe da fensir. Da na yi wa Kawu bayani, sai ya tashi ya ɗauko takardar ajami ta kakanmu daga cikin gafaka, ya nuna mini kalmomi biyu da shi kansa sai da ya tambayi tsofaffi kafin ya gane su. Saura ɗaya, Mushe: na ci karo da spake da thou knowest. Su ma wannan hanyar suka bi?