Baƙi daga Maraɗi, uwargida na jego: in fita da su cin abinci ko in sayo gida?

Baban Walid, Hotoro:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, zai zo daga Maraɗi ranar Alhamis da matarsa da 'yan matansa biyu, sarin atamfa za su yi a Kantin Kwari, kwana ɗaya za su yi a wurina. Maiɗakina jego take, ko arba'in ba a yi ba, kuma gwaggon da ta zo mata zaman jego tsohuwa ce, ba zan ɗora mata girkin baƙi ba. Naira 25,000 na ware, har da kuɗin adaidaita sahu, don ba ni da mota. Kawu yana fama da gyambon ciki, ko ƙamshin yaji ba ya so, kuma dattijo ne da ba zai yarda iyalinsa su zauna a bencin bakin titi ba. To in fita da su bayan isha'i su ɗan ga gari, ko in sayo a ci a gida?

Ɗan Jakara:
Wa'alaikumus salam. Malam, baƙo ya zo Kano bai ci gurasa ba ai bai zo ba. Ka kai su su ci bandashe da tsire. Ka tsaya a kan mai gurasar ya yi a gabanka: ya yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli ciki da waje, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kokwamba a kai. Tsiren kuma kar ka karɓi wanda ke jere a tire tun la'asar, ka nuna wanda ke jikin tukuba yana ɗigar mai. Ka ce a zuba yaji sosai. Faranti 800, tsinke 300, har canji za ka dawo da shi.

Maman Ilham:
Ɗan Jakara, ka karanta kuwa? Mutum ya ce gyambon ciki, kai kana cewa a zuba yaji sosai. So kake kawun mutane ya kwana a asibiti? Baban Walid, barka da arziki, Allah ya raya. Ni dai masa zan ce, da miyar taushe. Akwai wata 'yar Bauchi a unguwarmu, masarta har ɗaki ake yin odarta, sai dai ba ta wuce ƙarfe goma na safe.

Bazazzage Mai Gaskiya:
Ya ce bayan isha'i, Hajiya ta kawo masar safe. Wannan zama akwai kallo. Ni mamakina ma Bakano ya ware 25,000 don baƙo. A rubuta ranar nan, a sa a tarihi.

Ɗan Jakara:
Ku da baƙo in ya zo Zariya sai ku nuna masa ganuwa ku ce ya ƙoshi.

Abu Sadik:
Ɗan'uwa, don Allah kar ka fita da su. Ni na ga abin da na gani. Bara yayan matata ya zo daga Gusau da abokansa biyu, na ce bari in fita kunya, na kai su wani wurin cin abinci a wajen titin gidan Zoo, irin mai fitilu masu launi da kujerun roba a fili. Ba a kawo takardar farashi ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya a gaban suruki. Yaron wurin sai zuwa yake yana cewa "a ƙaro kaza?" "a kawo kifi?", abokan nan kuma ba sa cewa a'a. Ɗaya har ya ce a ƙulle masa shawarma biyu zai kai masauki. Da aka kawo lissafi 41,000. Ruwan roba kaɗai an sa masa kuɗin da zai sayi buhun ruwan leda uku, robar da aka zuba shawarmar ma da kuɗinta.

Kuɗin hannuna 15,000 ne. Na ce zan tura sauran. Na tura, banki ya cire, su kuma suka ce ba su gani ba. Na nuna musu shaidar a wayata, mai karɓar kuɗin ya ce shi ba ya aiki da hoto, an sha cutarsu da na bogi. Muka tsaya cirko-cirko kusan awa guda, mutane na ci suna kallonmu. Ƙarshe yayan matata ne ya zura hannu a aljihu ya biya, yana cewa "ba komai, ai ɗaya ne". Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Har yau in an haɗu a wurin biki sai ya ce "Malam, yau akwai netiwok?" Kuɗina sai da ya yi mako biyu kafin ya dawo, bayan na yi ta sintiri a banki.

Maman Ilham:
Innalillahi. Amma Abu Sadik, tsakani da Allah har da laifinka. Ana tambayar kuɗin abu kafin a ci, ko a gaban sarki ne.

Abu Sadik:
Hajiya, ba ki taɓa zama namiji a gaban suruki ba.

Alhaji Na Jidda:
Ni ban ga abin tashin hankali ba. Ka je Agadasawa ka sayo kilishi na 3,000, ka biya ta wajen masu balangu a yanka maka na 2,000 a naɗe a takarda, gurasa ta 500 ta ishi gida guda. Fura da nono a kai. Haka muke karɓar baƙi.

Ɗan Kurna:
Alhaji, da girmanka, yaushe rabonka da Kano? Wannan farashin tun kafin a cire tallafin mai a 2023 ne. Balangun 2,000 yanzu in ka buɗe takardar sai ka ɗaga albasa kana neman naman. Shi ma Ɗan Jakara da ya ce faranti 800, wataƙila ƙanensa ne mai gurasar. Shekaranjiya na ci bandashe 1,500 a Farm Centre, tsinken tsire kuma 500, ɗan siriri.

Ɗan Jakara:
Ka je Farm Centre inda 'yan waya suke, kuɗin wurin ka biya. Shigo cikin gari. A Cheɗiyar 'Yan Gurasa aka haife ni, daga tanderu ake ciro ta da zafinta a miƙo mini. Wanda ya san gurasa a leda kawai bai kamata ya sa baki ba.

Alhaji Na Jidda:
Yaro, na ci tsire a Kano kafin a haife ka.

Ɗan Kurna:
Shi ya sa farashin naka ma ya girme ni, ranka ya daɗe.

Ɗiyar Maraɗi:
Ku dakata in ba ku labarin mutanenmu, tunda baƙin namu ne. Kada ku ba Bamaraɗe kilishi ku ce kun burge shi. Mu nama ba baƙonmu ba ne, da jikka biyu na sefa a gida zai ci gasasshen naman rago ya ture. Abin da muke marmari in mun zo Kano gurasa ce da ɗanwake da alkaki. 'Yan matan kuwa, in ka bi ta tasu, shawarma da askirim za su ce, su ɗauki hoto su tura wa ƙawaye. Kawu kuma ko an kai shi inda ake ci da cokalin zinariya, tuwo zai tambaya.

Baban Walid, Hotoro:
Na gode ƙwarai. To Yaya, in na sayo wa Kawu tuwon shinkafa da miyar da ba yaji, su kuma yaran in fita da su, bai zama raini ba? Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa mini wurin da mata za su zauna a rufe.

Injiniya Sabo:
In za ka fita ka lura da lokaci. A 2022 gwamnati ta hana 'yan adaidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare, tun daga nan na daina yarda dare ya yi mini a waje ba abin hawa. Ku shida kuma sai dai ka ɗauki guda biyu, ko ka yi shata. Kuɗin zuwa da dawowa daga Hotoro kaɗai zai ci rabon mutum ɗaya.

Maman Ilham:
Su biyar ne, Injiniya. Maijego za ta bi su cin shawarma ne?

Ɗan Kurna:
Maganar Abu Sadik ce ta tsaya mini a rai. Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne mai abincin da zai ce ba ya karɓar tiransifa, ya nuna maka mai POS a gefensa, ka cire a caje ka, alhali mai POS ɗin ɗan'uwansa ne. Kuɗin bai ma motsa daga wurin ba, daga wannan aljihu ya koma wancan.

Mai Shayi Na Kwana:
To bari ku ji ta bakinmu mu masu sana'ar. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardar naira ta ɓace, dole muka koma karɓar tiransifa. Mutum zai ci indomi biyu da ƙwai uku, ya sha shayi mai kauri, ya ɗaga maka waya daga nesa ya ce "ya tafi", ya hau babur. Kana juya ƙwai a kasko, ga mutum biyar na jira, yaushe za ka tsaya duba saƙo? Sai dare ya raba ka zauna lissafi ka ga babu. Kuma mai burodi da asuba zai zo, shi kuɗinsa a hannu yake so. Wanda ya riƙe Abu Sadik bai kyauta ba, amma na san abin da ya mai da shi haka.

Abu Sadik:
Shi ke nan sai a wulaƙanta mai gaskiya saboda ɓarawo? Ina da shaida a hannu fa.

Mai Shayi Na Kwana:
Shi ma ɓarawon da shaidarsa yake zuwa, har ta fi taka kyau.

Bazazzage Mai Gaskiya:
Mai Shayi, indomi biyu da ƙwai uku, kuma ya gudu bai biya ba. Ba sai an bincika ba, na san garinsu.

Injiniya Sabo:
Ni tambayata, in banki ya cire kuɗi bai kai ba, kwana nawa ya kamata a jira kafin a je a yi musu magana? Akwai 12,000 ɗina da ta maƙale tun makon jiya, kullum na kira sai su ce in ƙara haƙuri.

Ɗan Kurna:
Kira? Tashi za ka yi ka je da kanka, ka cike fom, ka tafi da abin karin kumallonka don layin ba na wasa ba ne. Wane banki ne? Kai, bari ma, kar ka faɗa, duk kanwar ja ce.