Masu keke da suka taɓa kai kuka wajen ɗan majalisa, ku ba mu labari

Mai Rale: Assalamu alaikum 'yan uwa. A yankinmu magana ta yi ƙarfi cewa za a taɓa dokar hanya: a dawo da lambar keke, a hana hawa kwalta bayan magariba sai da fitila, ranar kasuwa kuma mai keke da kaya kada ya bi ta bakin tasha. Mu da keken nan muke kai itace da jarkokin ruwa da buhun gyaɗa. Mun yanke shawarar zuwa wajen ɗan majalisarmu tun abin bai zama doka ba. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam. Kafin ku ɗaura kaya a kariyar keke, ku tantance ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Lambar keke ba hurumin majalisar jiha ba ce. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ƙaramar hukuma ya ba wa ikon yi wa keke da baro da amalanke da kwalekwale lasin. Wannan maganar kansila da ciyaman ce, a sakatariya. Dokar zirga-zirga ta jiha ita ce ta 'yan majalisa, su 30 a Dutse, su 40 a Kano. In kuwa titin na tarayya ne, akwai hannun hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Mu da muka nemi a yi tudun rage gudu a ƙofar makaranta, an yi ta mayar da mu daga wannan ofis zuwa wancan har damina ta wuce, don ba mu san wannan rabon ba.

Ɗan Fadama: Malam ya yi gaskiya, amma ni gidan Honorabul ɗin nake so in ja muku kunne a kai. Mun je wata Asabar da safe, muka tarar da ƙofar gida cike: mai takardar asibiti, mai neman taki, mai katin ɗaurin aure. Muka jingina kekunanmu a jikin katanga muka zauna a tabarma. Da aka shigar da mu, babbanmu ya fara da "ranka ya daɗe, mu talakawanka masu keke", bai kai ga maganar titi ba sai Honorabul ya juya ya yi wa yaronsa raɗa. Aka miƙo ambulan, wai mu sha ruwa a hanya. Kowa ya yi godiya, muka fito. A waje aka tsaya rabon kuɗi har da ɗan cacar baki, maganar da ta kai mu kuwa ko ambatonta ba a sake yi ba. Mutumin bai yi mana rowa ba, abin da ya saba gani aka zo nema ya bayar. Ku rubuta buƙatarku a takarda, mai sa hannu ya sa, mai dangwale ya dangwala, ku miƙa ta tun kafin a gama gaisuwa. Kuma ku ajiye kwafi.

Jikan Baba Tsoho: Na karanta wa Baba, ya ce in rubuta muku. A zamanin En'e ya biya kuɗin lambar keke, ɗan ƙarfe ne ake ɗaura wa keken, ɗan doka ya tare ka babu shi sai ka tura keken zuwa ofis a ƙasa. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne canjin hannu na 1972, da aka koma bin dama. Kafin ranar, an yi ta shela a rediyo da kasuwanni har yaro ya haddace. Tambayarsa ita ce: wannan sabuwar dokar wa ya yi shelarta? Ya kuma ce kada ku tsallake mai unguwa da dagaci.

Maman 'yan makaranta: Ku yi haƙuri, ni ban goyi bayan ku je ku ce a soke komai ba. Yarana biyu da keke suke zuwa sakandare a garin gaba, ranar da suka tsaya darasin yamma sai duhu ya fara. Ina tsaye a ƙofar gida ina hango fitilun tirela, su kuwa ba na ganinsu sai sun iso. Dokar fitila ni ina so. Abin da za ku roƙa shi ne gefen titi. Bakin kwaltar ya zaizaye, rairayi ya cinye sauran, da kaka kuma nan ake shanya shinkafa da barkono. Yaro ya zo wajen shanya dole ya hau tsakiyar titi, ko ya taka abincin mutane a biyo shi gida. Ku ce a gyara gefen, a samar wa masu shanya fili. In kuka shiga da "ba ma so" kawai, za a ce 'yan taurin kai ne.

Tsohon ɗan acaɓa: Hajiya ta faɗi magana. Ni ina cikin waɗanda hanin goyo a babur ya koro daga birnin Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Wannan ta tsaro ce, ba a tsaya jin ta bakin kowa ba, kuma duk rarrashin da aka yi daga baya bai dawo da sana'ar ba. Doka in ta fita, ta fita. Ku da kuka ji ƙishin-ƙishin tun da wuri, ku tambayi Honorabul ko ƙudirin ya je gaban kwamiti, da ranar da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a. A nan ake rubuta abin da kuka faɗa. Kuma ku tuna masa yawanku. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na jingine mashin na koma keke, kuma a layinmu ba ni kaɗai ba ne. Masu ƙuri'a ne ke taka feda yanzu, har da ma'aikata.

Direban Gujungu: Ni ta ɓangaren sitiyari zan yi magana, kada a ji haushi. Daren Lahadi in an tashi daga kasuwa, mai keke ya ɗauro buhu a kariya ya rufe ɗan jan gilashin bayan, ga baƙar riga, wani ma ya biyo hannun da ba nasa ba. Wallahi sai ka zo dab kake ganinsa. Amma mu ma muna da namu, gudu da lodi da ƙin rage fitila. Ko ministan sufuri Ojo Maduekwe, da ya yi ta kiran a koma hawa keke a 2001, mota ce ta tura shi kwalbati a Abuja, balle mai itace. Ku gayyaci shugabannin tasha ku tafi tare, takarda mai hannun direba da mai keke ta fi nauyi.

Mai faci: A dai duba aljihun mutane. Dinamo ya ɓace a kasuwa, yanzu tocila ake ɗaurewa a kan keke da tsohuwar roba. Sitika mai ƙyalli ta fi araha, ba ta cin batir, ni da kaina nake manna wa yara a madigadi da feda. A rubuta "fitila ko abin ƙyalli", a kuma ba da wa'adi kafin a fara kame. Lamba kuwa, wanda ke cin bashin faci ina zai samo kuɗinta?

Mai Rale: Allah Ya saka da alheri. Mun raba takardar biyu: ta lamba za ta tafi wajen kansila ta hannun dagaci, ta gefen titi da wa'adin fitila kuma wajen Honorabul. Maganar bakin tasha za mu fara zama da direbobi. Malam, in mun turo maka rubutun daren nan za ka duba mana Turancinsa, ko mu bar shi da Hausa?

Malamin firamare: Ku bar shi da Hausa, ku haɗa da fassara a baya saboda magatakarda. Turo kafin isha'i, wayata ba ta riƙe caji.