Shin sashe na 39 ya isa ya kare mai suka a Facebook?

Ɗalibi daga Mabera: Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar Isha'i gardama ta kaure a majalisarmu, inda wani ya dage cewa tunda sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, babu hukumar da ke da ikon kama mutum saboda rubutunsa. Malamai, haka abin yake?

Lauya daga Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya karanta rabi ya bar rabi, domin sashe na 45 ya halatta dokokin da ke taƙaita wannan 'yanci don kare tsaro, zaman lafiya da haƙƙin wasu. Sau da yawa kamen da ake yi yana jingina ne da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, mai hukunta aika wasu nau'o'in saƙonni ta intanet, wanda Kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin magana, amma sai a 2024 aka yi masa gyara, kuma a ganina gyaran bai toshe ƙofar gaba ɗaya ba.

Malama daga Arkilla: Barista, a ƙara da cewa kotun nan ce ta haramta dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi a 2021, sai dai hukuncin ya zo a Yulin 2022, bayan an riga an ɗage takunkumin tun watan Janairu.

Lauya daga Runjin Sambo: Gaskiya ne, Malama. Kuma ɓata suna har yanzu laifi ne a dokar final kod, wato kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa, ko da sashe na 24 bai shigo ba.