Gunaguni ya zame mini jiki tun da na fara jinyar mahaifiyata, ina mafita?

Mai jinyar Mama ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, ina so a ba ni amsa ta gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Mahaifiyata ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannu da ƙafar dama ba sa motsi, maganarta ma sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane. A wurina take. Ni ke mata wanka, ni ke tashi cikin dare in juya ta don kada kwanciya ta ci mata baya, ni ke lura da lokacin magani, gari ya waye kuma in tafi wurin aiki ido cike da barci. Ina da yayye maza biyu da ƙanwa ɗaya. Sukan bugo waya su ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Iyakar abin ke nan.

Jinyar ba ta dame ni ba, ita ta haife ni, ta yi mini abin da ya fi wannan. Bakina ne ya dame ni. Ina wankin zanen gado ina mita. Maigidana bai gama cire takalmi ba na fara karanto masa laifin yayyena. Ɗana ƙarami ya koyi tsaki irin nawa sak. Abin da ya fi taɓa ni, kwanan baya ina canja wa Mama riga ina ƙunƙuni, sai na ga tana ta fama da hannun hagu tana so ta sa rigar da kanta don ta rage mini wahala. Ashe duk abin da nake faɗa tana ji.

Ran Lahadi aka karanta Filibiyawa 2:14, inda aka ce mu yi kome ba tare da gunaguni ko gardama ba. A majami'a na yi wa Allah alkawari na daina. Ban kai yamma ba na koma gidan jiya.

Tambayata ita ce, duk ƙorafi zunubi ne? In haka ne, sai in danne abin a ciki har ya kashe ni? Ta yaya bangaskiya take raba mutum da wannan hali alhali abin da yake kuka a kansa gaskiya ne?

Wani matashi ya amsa:

Yaya, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Amma gaskiya ɗaya ce, gunaguni ba ƙaramin abu ba ne a gaban Allah. A 1 Korintiyawa 10:10 Bulus ya gargaɗe mu kada mu yi gunaguni kamar yadda waɗansu Isra'ilawa suka yi har suka hallaka. Ki duba Littafin Ƙidaya sura 14. Saboda gunaguninsu bayan dawowar 'yan leƙen asirin ƙasa su 12, duk wanda ya kai shekara 20 zuwa sama bai shiga ƙasar alkawari ba, sai Joshuwa da Kalibu kaɗai. Shekara 40 suna yawo a jeji. Shawarata, duk lokacin da mita ta zo bakinki ki mai da ita godiya, kamar yadda 1 Tasalonikawa 5:18 ta ce mu yi godiya a kowane hali. Akwai masu neman uwar da za su yi wa jinya ba su da ita.

Wani dattijon ikilisiya ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Abin da yaron nan ya faɗa yana cikin Littafi, ban musa masa ba. Sai dai in aka tsaya a nan, za ki rufe baki zuciya kuma ta ci gaba da tafasa, Allah kuwa zuciya yake ji. Na ga masu bi da yawa da suka koyi cewa "mun gode Allah" da leɓe, ciki kuwa ɗaci ne fal.

Ki buɗe Littafin Ƙidaya sura 11, ki karanta ta gaba ɗaya a zama guda. A cikin surar nan kaɗai akwai kuka iri biyu. Na farko na jama'a ne. Sun gaji da manna, suka fara tuna kifin Masar da albasa da tafarnuwa, suna cewa a kyauta suke ci, sun manta da bulalar da ke bayansu a lokacin. Kowane iyali yana kuka a ƙofar alfarwarsa. Na biyu na Musa ne, kuma in kika auna kalmomin, nasa sun fi nasu zafi. Ya tambayi Ubangiji don me ya wahalshe shi. Ya ce shi ya ɗauki cikin mutanen nan, ko shi ya haife su, da za a ce ya rungume su kamar mai reno? Ya ce ba zai iya ɗaukarsu shi kaɗai ba, sun fi ƙarfinsa, in haka za a ci gaba gara a kashe shi. To, jama'ar sun sami naman da suka nema tare da annoba, har aka sa wa wurin suna saboda kaburburan makwaɗaita. Musa kuwa ba a tsawata masa ba. Ubangiji ya ce ya tattaro dattawa 70 su ɗauki nauyin tare da shi.

Me ya raba su? Musa ya kai kukansa gaban Allah, yana magana da shi. Jama'a kuwa a bayan idonsa suke maganarsa. Zabura 106:25 ta ce a cikin alfarwansu suka yi gunaguni. Maimaitawar Shari'a 1:27 ma ta faɗi abin da suke cewa a ciki, wai don Ubangiji ya ƙi su ne ya fito da su daga Masar. Nan tushen yake, 'yata. Mai gunaguni ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa Allah ba ya nufinsa da alheri, shi ya sa ba ya zuwa wurinsa, sai ya zagaya yana gaya wa duk wanda ya samu. Wanda ya kai kuka gaban Allah kuwa, ko da muryarsa tana rawa don fushi, zuwan da ya yi ya nuna har yanzu ya gaskata akwai mai jinsa.

Don haka ki daina tunanin bangaskiya ita ce yin shiru. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. A Zabura 142, yana cikin kogo, ya ce yana zuba ƙorafinsa a gaban Ubangiji. Zabura 88 ma har ta ƙare ba a ga haske a cikinta ba, amma Allah ya bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. Habakuk da ƙara ya buɗe littafinsa, yana tambaya har yaushe zai yi ta kira ba a amsa ba. Sai a ƙarshe, a 3:17-18, ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko babu 'ya'ya a kurangar inabi, ko garke ya zama wayam, zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Mutane suna son waɗannan ayoyi biyu, suna manta cewa sai da ya bi ta sura 1 da ta 2 kafin ya iso nan. Godiyar da yaron nan ya ambata gaskiya ce, amma mafi yawan lokaci bayan an zube kukan take fitowa.

Ga abin da zan ce ki gwada. Maganar da kike tara wa maigidanki a bakin ƙofa, ki fara kai ta wurin Ubangiji yadda take, ba kwalliya. Ki ambaci yayyenki da sunayensu. Ki ce kin gaji, ki ce kina jin haushi. Kada ki tashi kuma sai kin tuna wa kanki abu ɗaya da ya taɓa yi miki wanda ba za ki iya musunsa ba. Isra'ilawa kwana uku kacal da haye teku suka yi gunaguni a Mara saboda ruwa mai ɗaci, alhali Elim tana gabansu da maɓuɓɓuga 12 da itatuwan dabino 70. Saurin mantuwa ne ya ci su.

Alkawarin da kika karya kafin yamma kuma, kada ya sa ki fid da zuciya. Bulus da ya rubuta ayar da ta soke ki, a ɗaure yake lokacin da ya rubuta ta, kuma a 4:11 na wasiƙar ya ce koyo ya yi ya zama mai wadar zuci a kowane hali. Ayar da ta zo kafin taki, 2:13, ta ce Allah ne yake aiki a cikinmu, ya sa mu yi niyya mu kuma aikata. Ki karanta su tare.

Wata uwa ta amsa:

Ƙanwata, na yi jinyar mijina har Ubangiji ya kira shi gida, don haka na san warin ɗakin da kike magana a kai, na san ciwon bayan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba ya gama magana ta fannin zuciya. Ni zan taɓo wani gefe.

Yayyenki sun san abin da kike ciki kuwa? Ba wai sun ji a bakin wani ba, ke da kanki kin zaunar da su kin faɗa musu? Ina tambaya ne don sau da yawa mu mata mukan gaya wa kowa banda mai laifin. In sun bugo waya mu ce "lafiya lau, ba kome," mu ajiye wayar mu fara mita. Yesu ya ce a Matiyu 18:15 in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi, kai da shi kaɗai. Kula da iyaye kuma ba aikin 'ya ɗaya ba ne, 1 Timoti 5:4 'ya'ya da jikoki ta ambata.

Ki tuna abin da ya faru a Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima don ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a je a yi haƙuri ba. Sun gane kukan yana da tushe, suka fito da shi fili, aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Da aka gyara abin, gunagunin ya mutu da kansa. Wani ƙorafin ba ya bukatar a danne shi, bukatarsa a kai shi inda za a yi maganinsa.

Ki kira su ukun. Kada ki fara da tarihin laifinsu, za su kare kansu ne kawai a tashi baram-baram. Ki faɗi abin da ake bukata dalla-dalla: wa zai riƙa kwana da Mama a ƙarshen mako, wa zai ɗauki nauyin magani, wa zai riƙa kai ta ganin likita, ko za a haɗa hannu a samo mai taimako na 'yan sa'o'i. Ki gaya wa faston ku ma. Akwai mata a ikilisiya da za su zo su zauna da ita ki samu ki runtsa, amma ba za su sani ba in kina murmushi kina cewa kome lafiya.

Barcin nan kuma kada ki raina shi. Lokacin da Iliya ya zauna a gindin itace a jeji ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya tashe shi ya ci ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke ciyar da shi. Sai daga baya Ubangiji ya yi magana da shi a Horeb. Ni na lura yawancin munanan maganganun da suka fita bakina a lokacin jinya, a ranakun da ban yi barci ba ne.

Abu na ƙarshe, game da Mama. Marar lafiyan da ba ya iya magana sosai sau da yawa yana jin kome, abin da ya fi tsoro kuwa shi ne ya zama kaya a wuyan mutane. Ki riƙe hannunta na hagun nan ki gaya mata ba da ita kike ba. Ni nakan yi wa mijina waƙar sujada a hankali lokacin wanka. Ban fara don ina jin daɗi ba, na fara ne don bakin da ke waƙa ba ya samun sararin tsaki. A hankali har ya fara bina da kai.

Mai jinyar Mama ta sāke rubutawa:

Na gode muku duka, har da ƙanena da ya fara amsawa, maganarka ta tsorata ni amma na bukace ta. Baba, na karanta Ƙidaya 11 daren jiya bayan na juya Mama. Ban taɓa sanin Musa ya yi irin wannan magana ba, da na kai inda ya ce ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba sai da na ajiye Littafin na yi kuka, na faɗa wa Ubangiji abin da ban taɓa furtawa a addu'a ba.

Mama mai amsa ta ƙarshe, kin gano ni. Ban taɓa gaya wa yayyena kai tsaye ba, kullum "ba kome" nake ce musu. Na tura musu saƙo da safen nan cewa ina so mu yi magana mu huɗu ran Asabar. Ƙanwata da yaya ɗaya sun amsa. Babban yayanmu ya karanta bai ce kome ba tukuna, shi ne kuma na fi jin nauyinsa. Wanda ya taɓa zama irin wannan da babban wansa, don Allah ya gaya mini yadda ya buɗe maganar.