Rabon Kujeru Bisa Ƙabila Bayan Sulhu: Wa Yake Cin Riba?

Malam Bello, Birnin Kebbi: Jama'a, ga magana, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni a ganina, duk sulhun da aka gina a kan raba kujeru ƙabila-ƙabila, masu zafin ra'ayi ne ke kwashe ribarsa ranar zaɓe. Ku dubi Bosniya. An ƙulla yarjejeniyar Dayton a 1995, aka ce mutum uku ne za su riƙe shugabancin ƙasa: Musulmi ɗaya, Basabiye ɗaya, Bakuroshe ɗaya. Da aka je akwati a 1996, jam'iyyun nan uku da suka ja ragamar mutanensu lokacin yaƙi, SDA da SDS da HDZ, su suka lashe.

Hajiya Asabe, Argungu: Malam, an dai daina harbi ko? Yaƙin ya ci rai wajen dubu 100. Wadda ta binne ɗanta ba ruwanta da sunan jam'iyyar da ta ci.

Malam Bello: Gaskiyarki Hajiya. Amma dubi yadda tsarin ke aiki. Idan kujerar ƙabilarku a ajiye take, ba ka bukatar ƙuri'ar baƙo. Abokin takararka ɗan gidanku ne, kuma hanya mafi sauƙi ta kayar da shi ita ce ka ce ya sayar da ku.

Barista Usman, Jega: Ranka ya daɗe, rabin labarin ka kawo. Je ka Ayalan ta Arewa. Masu sassauci, John Hume da David Trimble, su suka ɗauki nauyin sulhun 1998, har aka ba su kyautar Nobel. A zaɓen 2003 jam'iyyunsu suka sha kaye a hannun Sinn Fein da DUP, ita DUP ma ƙin sulhun ta yi tun farko. Nan kana da gaskiya. To amma a 2007 Ian Paisley na DUP ya hau kujerar babban minista, mataimakinsa kuwa Martin McGuinness na Sinn Fein, tsohon kwamandan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don yaƙar mulkin Birtaniya a yankin. Masu zafin sun ci zaɓe, kujera kuma ta sanyaya su.

Malam Bello: Ta sanyaya su har gwamnatin ta rushe a 2017, aka shekara uku ba kowa a ofis?

Barista Usman: An rufe ofis, ba a koma daji ba.

Danjuma, Zuru: Na jima ina karantawa. Malam, ka yi haƙuri, mai kujera ne kaɗai ke iya cewa rabon kujera ba shi da amfani. Tun 1999 gwamna huɗu muka yi: Aliero, Dakingari, Bagudu, yanzu Nasir Idris. Ko ɗaya babu daga Kebbi ta Kudu. Mataimaki dai mun gani, an gode.

Malam Bello: Danjuma, ban raina kukanku ba. Amma mu tamu hanyar daban ce, kuma ta fi. Bayan yaƙin basasa ba a ce wannan kujerar ta Ibo ba ce, waccan ta Bahaushe. Tsarin mulkin 1979 cewa ya yi kafin ka zama shugaban ƙasa sai ka samu kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Dole ka fita roƙon ƙuri'a a gidan wani. Shi ya sa Shagari ya ɗauki Alex Ekwueme, ɗan ƙabilar Ibo, a matsayin mataimaki.

Danjuma: To mu yi lissafi. Dokar nan tana kan gwamna ma, da ƙananan hukumomi. Kebbi na da 21, biyu bisa uku 14 ke nan. Kudu na da bakwai: Zuru, Fakai, Sakaba, Danko/Wasagu, Yauri, Ngaski, Shanga. Cire bakwai daga 21, nawa ya rage? Mutum zai iya cika sharaɗin bai taka Koko ya gangaro wajenmu ba.

Hajiya Asabe: Kai Danjuma, ashe da alƙalami ka zo.

Malam Bello: A takarda haka ne. A zahiri ba ɗan takarar da zai zubar da ƙuri'un masarautu biyu.

Danjuma: Neman ƙuri'armu daban, ba mu tikiti daban.

Barista Usman: Akwai tsakiya fa. Burundi, bayan sulhun Arusha na 2000, ta raba majalisa kashi 60 Hutu, 40 Tutsi. Sai dai ba ta ba kowace ƙabila jam'iyyarta ba. A jerin 'yan takarar kowace jam'iyya, cikin kowane mutum uku a jere, ba a yarda fiye da biyu su zama ƙabila ɗaya ba. Ko tsohuwar ƙungiyar tawayen Hutu, CNDD-FDD, sai da ta nemo 'yan Tutsi ta tsayar.

Malam Bello: Ita ce kuma ta danne kowa, har shugaban ƙasar, Nkurunziza, ya yi tazarce a 2015, aka zubar da jini.

Barista Usman: An zubar, amma manyan masu ja da shi da yawansu Hutu ne 'yan uwansa, har janar ɗin da ya yi yunƙurin juyin mulki. Rigimar tazarce ce.

Danjuma: Barista, a bar Burundi tukuna. APC da PDP duk suna da karɓa-karɓa a baki idan ana maganar Abuja. Wace ce a cikinsu za ta rubuta shi a takarda don Kebbi kafin zaɓen fidda gwani mai zuwa?