Las Vegas kuma? Wa ke zaɓen garin wasan ƙarshe na ƙwallon jami'o'in Amurka?

Ɗan Columbus: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Abin nan ya tsaya mini a maƙoshi, bari in amayar. Wai Las Vegas aka ba wasan ƙarshe na 2027 na gasar ƙwallon Amurka (American football) ta jami'o'i. Ku duba yadda aka wahalar da mu magoya bayan Ohio State kafin mu ɗauki kofi. Ranar 21 ga Disamban 2024 muka lallasa Tennessee a gida, wannan ba laifi. Ranar 1 ga Janairu sai Pasadena a Kalifoniya, da Oregon. Ranar 10 sai Arlington a Teksas. Ranar 20 sai Atlanta, da Notre Dame. Jirgi, otal, tikiti, har sau uku a wata guda, kuma wasan ƙarshen daren Litinin ne, gari na wayewa aiki na jiran ka. Wane ɗalibi ne zai iya? Filinmu yana cin mutum sama da 102,000, a Atlanta 77,660 suka shiga. Kuma ba su koyi komai daga 2019 ba, lokacin da aka kwaso mutanen ƙauyukan Alabama da Clemson aka kai su Santa Clara a Kalifoniya, tafiyar fiye da kilomita 3,000, har farashin tikiti ya faɗi warwas a hannun masu sayarwa a intanet. Ni dai na ce a riƙa buga shi a gidan ƙungiyar da ta fi matsayi. Wanda ya isa ya ƙaryata ni.

Malamin Tuscaloosa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, maimaita. Ƙauyukan ina?

Ɗan Columbus: Malam, ba wannan ne zancen ba. Zancen tsadar tafiya nake yi.

Malamin Tuscaloosa: Shi ne zancen tunda ka rubuta shi. Tuscaloosa mutum kusan dubu 100 ne a cikinta. Ta taɓa zama babban birnin jihar Alabama kafin a koma Montgomery. Jami'ar tana nan tun 1831, Ohio State ɗinku kuwa sai 1870. A nan na yi digirina na uku, a nan aka haifa mini 'ya'ya. Ka kira mu ƙauyawa a gaban mutane?

Mai Tasi: Malam, a yi haƙuri, amma Clemson fa ƙauye ne, ko an ƙi ko an so. Mutanen garin ba su kai dubu 20 ba, filin wasansu yana ɗaukar sama da dubu 80. Ranar wasa baƙi sun ninka 'yan gari sau huɗu. Na taɓa kai fasinja can, daga babban titi ka sauka sai itatuwa da tafki.

Malamin Tuscaloosa: Ni ban tsaya wa Clemson ba. Su suka ci mu 44 da 16 a wannan Santa Clarar, ku kira su abin da kuka ga dama. Tuscaloosa nake magana.

Hajiyar Houston: Ikon Allah. To wai shi ƙauye zagi ne? Dukanmu nan idan aka bi salsala akwai wanda kakansa bai yi noma ba? Ni daga ƙauye na fito kuma ban ɓoye ba.

Ɗan Mishigan: Hajiya, ki bar shi. Mutumin Columbus ne ke kiran wani baƙauye? Su da muka je gidansu ranar 30 ga Nuwamban 2024 muka ci su 13 da 10, karo na huɗu a jere. Kofin da yake ta kuri da shi, sai da muka yi masa wanka tukuna ya je ya ɗauko.

Ɗan Columbus: Kai kuma wa ya kira ka? Ina Mishigan take a cikin ƙungiyoyi 12 da suka shiga gasar? A gida kuka zauna kuna kallon mu a talabijin.

Ɗan Mishigan: Mun riga ku. Janairun 2024 a Houston, 34 da 13 a kan Washington. Kuma idan girman fili ne, namu 107,601 ne, ya fi naku. Idan aka bi shawararka kullum a garinmu Ann Arbor za a buga, ka yarda?

Baban Yara: Jama'a, bari in ɗan dawo da mu hanya. Ɗan Columbus, hujjarka ta Santa Clara tana da rami. Tikiti ya yi arha, gaskiya ne, amma mutum 74,814 aka ƙirga a filin, ya cika. Wanda ya fi kowanne yawa shi ne na farko, Janairun 2015 a Arlington, 85,689, ku ne ma kuka ci Oregon. Idan aka cire na 2021 da korona ta rage shi zuwa ƙasa da dubu 15, mafi ƙaranci zuwa 2025 shi ne na Indianapolis a 2022, 68,311, shi ma don filin iyakar cikinsa ke nan. Ma'ana girman fili ne ke yanke adadin, ba nisan gari ba. Inda nisa ya yi ɓarna a fili shi ne wasan ƙarshe na Pac-12, rukunin jami'o'in yammacin ƙasar, da aka yi ta bugawa a Santa Clarar nan ranar Juma'a da yamma, ana nuna kujeru fayau a talabijin. Da wannan ka kawo da na bi bayanka.

Ɗan Columbus: Baba, fili ya cika da wa? 'Yan kamfani masu kwat da aka ba tikiti kyauta. Ɗalibin da ya sha sanyi tun Nuwamba yana ɗakin kwana.

Baban Yara: Ka ƙirga su?

Ɗan Columbus: Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Malamin Tuscaloosa: Har yanzu ban ga an janye kalmar ba.

Mai Tasi: Malam, a Amurka ma fa su da kansu suna cewa garin jami'a, ƙaramin gari. Ba wani abu ba ne.

Malamin Tuscaloosa: Ƙaramin gari daban, ƙauye daban. Ƙauye shi ne inda babu asibiti, babu kotu, kasuwa sai mako-mako. Mu kamfanin Mercedes yana haɗa motoci a gefen garinmu. Wanda bai taɓa tsallake kogin Ohio ya yi kudu ba ya zauna yana raba wa mutane matsayi.

Hajiyar Houston: To ga shi Malam kai ma ka zagi ƙauyen. Garinmu akwai asibiti, kuma ƙauye ne.

Malamin Tuscaloosa: Hajiya, ba da ke nake ba, Allah ya huci zuciyarki.

Hajiyar Houston: Da ni kake mana. Kuma tunda ana maganar zaɓen gari, ni abin da ya dame ni da Las Vegas ba tsada ba ne. Garin caca ne. Yaran jami'a 'yan shekara 19, 20, a kwashe su a kai inda na'urar caca ke tarbar mutum tun daga filin jirgi? Houston me ta yi? Fili mai rufi, filayen jirgi biyu, ga masallatai, ga naman halal ko'ina.

Ɗan Mishigan: A nan ina bayan Hajiya. Houston gari ne mai albarka.

Ɗan Columbus: Don kun ci a can.

Mai Tasi: Ni kuwa a bar shi yana yawo. Duk garin da aka kai, direbobi da masu abinci suna samu. Abin da ban yafe ba shi ne na Los Angeles a 2023. Al'adar wasan nan ita ce a zo tun safe a buɗe bayan mota a wurin ajiye motoci, a hura gawayi, a gasa nama, a yi ta hira har lokacin shiga. Aka hana. Ga ruwan sama yana feso wa mutane ta gefen filin duk da rufinsa, ga Jojiya ta yi wa jami'ar TCU ta Fort Worth 65 da 7. Wanda ya taso daga Fort Worth ya biya kuɗin jirgi don wannan, Allah ya mayar masa da alheri.

Alhajin Atlanta: Shi ya sa kullum nake cewa Atlanta. Mu ne garin farko da ya karɓi wasan sau biyu, 2018 da 2025. Wasan ƙarshe na SEC, rukunin jami'o'in kudu maso gabas, yana nan tun 1994 bai motsa ba. Jirgin ƙasa yana ɗauko ka daga filin jirgi har kusa da ƙofar fili, lemo a ciki dala biyu kuma ka ƙara kyauta.

Malamin Tuscaloosa: Alhaji, ranka ya daɗe, a 2018 Jojiya kusan a gida ta buga, Athens, garin jami'arta, ba ta fi tafiyar awa ɗaya da rabi ba. Duk da haka muka ci ta 26 da 23. Ga mu ƙauyawa.

Baban Yara: Wannan ma hujja ce a kan Ɗan Columbus. Idan kusa da gida kaɗai ana ƙorafi, kamar yadda aka yi da LSU ta jihar Louisiana da ta buga a New Orleans, cikin jiharta, a 2020, ina ga cikin gidan? Ban da haka, Janairu a Columbus fili ba rufi. Kuma garuruwan nan shekaru kafin wasa ake zaɓen su saboda otal da tsaro, ba a kwana goma ake shirya baƙi dubbai ba.

Hajiyar Houston: Alhaji, tunda ka taso da Atlanta, taron Sallar zauren nan fa? Kullum Atlanta. Mu ne kullum a jirgi. An ce za a riƙa juyawa, ina aka kwana?

Alhajin Atlanta: Hajiya, wannan maganar kwamiti ce, ba nan ba.

Hajiyar Houston: Kwamitin da kai ne shugaba, ƙaninka ne ma'aji?

Mai Tasi: Kuma kuɗin nama na bara ba a yi mana bayani ba.

Ɗan Columbus: Jama'a, ni fa maganar tikiti na kawo.

Malamin Tuscaloosa: Ka janye tukuna.

Alhajin Atlanta: To, dare ya yi, a matsayina na mai kula da zaure bari in taƙaita. Na ɗaya, an yi ittifaƙi cewa buga wasan a harabar jami'a ba zai yiwu ba. Na biyu, kowa ya ga aibin Las Vegas da Los Angeles da Santa Clara, wato yamma ba ta dace ba. Na uku, babu wanda ya kawo aibi ko ɗaya a kan Atlanta, don haka ra'ayin zaure shi ne a bar shi a nan dindindin. Maganar ƙauye, Ɗan Columbus yaro ne, Malam ya yi haƙuri. Batun taron Sallah ba ya cikin muhawara, na goge abin da ya biyo baya a kai. Na rufe.

Hajiyar Houston: Wane ittifaƙi? A 2018 ɗin nan taku mutane suka yi ta tsayuwa cikin ruwa a bakin ƙofa saboda zuwan shugaban ƙasa. Buɗe zauren, Alhaji, ban gama ba.