Taƙaitaccen bayani kan karkatar da jirgi idan na'ura ta samu matsala a sama

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan abin da matuƙa ke yi idan jirgin sama ya samu matsala yana cikin tafiya, har a karkatar da shi zuwa wani filin sauka.

1. Kusan kowa ya amince cewa matuƙa kan fara tabbatar da jirgin yana hannunsu, sannan su daidaita inda suka dosa, kafin su yi magana da masu kula da zirga-zirgar jirage. Cikin matuƙan biyu, ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana bin matakan da aka rubuta domin irin wannan matsalar, layi bayan layi.

2. An bambanta kiran PAN-PAN, na matsalar gaggawa da ba ta kai barazana ga rai ba, da MAYDAY, na matsalar da ke barazana ga rai, wanda galibi ake haɗawa da lambar 7700 da jirgi ke aika wa masu kula da zirga-zirga a matsayin alamar gaggawa.

3. Idan matsin iskar cikin jirgi ya zube, takunkumin shaƙar iska yakan faɗo, matuƙa su gangara zuwa kusan ƙafa 10,000.

4. Wasu sun yi mamakin jirgin da ke ta kewaye kafin ya sauka. Dalilin shi ne a rage nauyin mai kafin sauka, domin jirgin Boeing 737, alal misali, ba shi da na'urar zubar da mai, sai dai ya ƙona shi.

Inda aka rabu shi ne zaɓen filin sauka. Wasu sun ce mafi kusa kawai, wasu sun fifita filin da ke da injiniyoyi da doguwar hanyar sauka muddin matsalar ba ta tsananta ba, kuma ni nan na fi karkata. An kuma saɓa kan yawan bayanin da ya kamata kyaftin ya yi wa fasinjoji.